Ɗan Fari Ba Ya Shiga Lissafi

Ni Jummai na riƙe Nana Hauwa, 'yar yayana, tun daga yaye, don haka kada wani ya zo yana koya mini labarinta. Shekara tara ta yi tana tsamo dodon koɗi a kududdufan Ƙofar Ruwa, don su ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Har suna 'yan unguwa suka sa mata, wai Dakta Dodon-koɗi. Allah ya shirye su.

Daga baya ta bar ruwa ta koma kan jinin mutane. Abu ɗaya ya tsaya mata a rai: yara goma su yi wanka a kududdufi ɗaya, shida su kamu, huɗu ko gezau. Ta ce garkuwar jiki gadonta ake yi, kuma sai ta gano ta. Gida ɗari biyu ta bi a Soron Ɗinki tana ɗibar jini, ma'aikatanta suna rubuta wa ya haifi wa.

Rannan ta shigo ta zube a tabarma ko mayafi ba ta cire ba.

"Gwaggo, jini da takarda sun ƙi daidaita. In ban gyara kafin Sallah ba, rufe aikin za a yi."

Na ce karanta in ji. Gida uku kacal ta karanta na saki salati.

"Ke da duk karatunki! Wace dattijuwa ce a birnin nan za ta ƙirga ɗan farinta a gaban baƙo? 'Ya'yan riƙo kuma duk an ba masu riƙo. Ke kanki duba, 'yar wa aka rubuta ki?"

Ta duba. Sunana ne.

Sati uku muna bin lungu-lungu, ni da ciwon gwiwata, ina mayar da kowane ɗa cikin da ya fito. Jini da takarda suka daidaita, aiki ya tsira, saura gida ɗaya: na Hajiya 'Yardada, mahaifiyarta, wadda shekara arba'in da shida ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "waccan".

Nana Hauwa ta durƙusa. "Hajiya, 'ya'ya nawa za a rubuta?"

Kullum biyar Hajiya take cewa. Amma ranar sai ta ce:

"Shida. A fara da Dakta."

Da hannunta yarinyar nan ta goge sunana ta sa na uwarta, tana hawaye. Wallahi ban taɓa jin daɗin a goge ni ba sai ranar.