Bakwai Ta Tafi Kitale

"To ina Bakwai?" Makokha ya ɗaga murya, lomar tuwon masara a hannunsa.

"Ta tafi Kitale, na ce maka." Mahaifiyarsa ko kallonsa ba ta yi ba. "Surukan ƙanwarka suka zo. Su koma hannu rabbana? Daga gidana?"

"Mayi, mahaifiyata, ki ba su kazar mana, amma ki cire allon!"

"In tuɓe wa kyauta riga a gaban baƙi? Haka na raine ka?"

Makokha mai rubutun alluna ne a Eldoret. Rabin shagunan askin layinsu hannunsa ne. Bara 'yarsa Naliaka ta yi dogon hutun Disamba a nan ƙauye wajen kakarta, ta koma birni kanta fayau kamar an wanke kwano. Duk shekarar ba ta farfaɗo ba. A Nuwamba shugabar makaranta ta kira shi ta ce ranar dawowa daga hutu za ta gwada yarinyar da lissafin sau. In ta faɗi, ta maimaita aji huɗu tare da ƙannen ƙawayenta.

Kwana uku ya yi yana tunani, don wannan hutun ma a ƙauye yarinyar za ta yi shi. Littafi a ƙauye wuta ake hurawa da shi. Yara kuwa bin kaji suke yi su wuni. Sai ya yanko gwangwani goma sha biyu, ya rubuta lissafin da fenti, daga sau ɗaya zuwa sau goma sha biyu, ya rataya wa kowace kaza nata a wuya. Duk wadda yarinyar ta kama, ta karanta.

Abu ɗaya ya manta: Disamba watan baƙi ne, kuma a gidan nan baƙo ba ya zuwa kaza ta kwana lafiya.

"Uku fa?"

"Fasto. Ranar Kirsimeti."

"Tara?"

"Shaho ya ɗauke ta da allonta. Can yake karatu a kan bishiya." Tsohuwar ta tura masa kwano. "Ci ƙundun nan kafin ya huce, rabon namiji ne."

Ya jefa a baki yana huci. Yana cikin tauna idonsa ya kai kan tukunya. Abin da aka rufe ta da shi gwangwani ne, rubutunsa ya yi baƙi da hayaƙi.

"Mayi... wannan wace ce nake ci?"

"Takwas. Kai ba baƙo ba ne?"

Ya haɗiye. Tana da daɗi, shi ne abin da ya fi ƙona masa rai.

A cikin matatu, motar haya, a hanyar komawa, ya gwada Naliaka. Biyu da Biyar ta sha su kamar ruwa, don ragwayen kaji ne, kullum suna kwance a gindin ayaba. Bakwai kuwa gudu gare ta kamar ɓarauniya.

"Sau ɗaya na kama ta, Baba. Ina cikin karantawa ta cake ni."

Ranar Litinin ya sa farar rigarsa wadda babu fenti a jiki. Shugabar makarantar, Malama Chebet, ta zaunar da shi a benci, ta tsayar da yarinyar gaban tebur.

"Biyu sau tara?"

"Sha takwas. Mai wuya tsirara."

"Na'am?"

"Kazar, Malama."

Malama Chebet ta dubi Makokha ta saman tabarau. Shi ya dubi takalminsa.

"Biyar sau shida?"

"Talatin!"

"Sha ɗaya sau huɗu?"

"Arba'in da huɗu. Tana kan ƙwai."

Kafaɗunsa suka fara sauka. Malama ta ɗauki biro, ta jawo takardar aji biyar.

"Na ƙarshe. Bakwai sau takwas?"

Naliaka ta buɗe baki, ta rufe. Sannu a hankali ta juyo wajen ubanta, idonta cike da ƙwalla. Makokha ya motsa leɓe don ya taimake ta. Babu abin da ya zo. Daga bangon wani littafi ya kwafe lissafin, harafi-harafi, yadda yake kwafe sunan shago, ba tare da ya tsaya ya karanta ba.

Malama Chebet ta ajiye biron, ta cire tabarau.

"Na ga bakinka yana motsi, Baban Naliaka. Faɗa da ƙarfi, in ka ci na bar ta ta wuce. Bakwai sau takwas nawa ne?"