Tulun Baba Jibo

Mahaifina ya rasu da kaka, a shekarar da aka yi fari. Malamin ofishin hakimi ne a Karaye, gidan da muke ciki kuwa na hukuma ne. Wanda ya gaji kujerarsa, Malam Lukumanu, ya zo gaisuwa, ya ce mu zauna har Inna ta fita takaba. Da ladabi ya faɗa. Na ce to.

Inna ta ce Rogo za ta koma, garinsu. Aka sayar da gonarmu ta Fulatan, aka ce in nemi gida. Ita ba halin fita sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Gidan da za ta ƙarasa rayuwarta a ciki, ni zan gano mata.

Ni kuwa ba na ganin komai a lokacin. Ban daɗe da gama sakandare ba. In ci tuwo, in yi salla, in hau keke. Shi ke nan.

Dillalin farko shi ya same ni a tashar Rogo. Ɗanmaliki sunansa, agogo a hannu, biro biyu a aljihu.

"Ɗan Malam, Allah ya jiƙan Malam. Kai ɗan boko ne, ba zan kai ka gidan ƙasa ba."

Ya kai ni gida mai rufin kwano, zaurensa da daɓen siminti. Yana magana ina rubutawa a littafina: ɗaki uku, rijiya ɗaya, taga mai gilashi. Na ce zan dawo.

Na karanta wa Inna. Tana zaune a tabarma, kanta ba kitso. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari.

"Kai, ta ina ruwan gidan yake fita?"

"Wane ruwa?"

"Na sama."

"Inna, bana ai ba a yi ruwa ba."

"Baɗi fa?"

Na duba littafin. Babu.

Ta ce, "Ka nemi wani dillali, Jibo, in yana da rai."

Saura kwana goma sha ɗaya ta fita.

Yana da rai. Na same shi a rumfar masu tukwane, tsoho, rigarsa duk faci. Gaisuwa kaɗai ta ci mana rabin hantsi. Da ya ji sunan Inna ya ce, "Laure ta gidan Isyaku? Allah sarki." Ya ari tulu, ya sa na cika shi a rijiyar kasuwa. Sai da aka ƙulla igiya biyu guga ya taɓa ruwa.

"Ɗauka, samari. Mu fara da wanda ka gani."

Ɗanmaliki ya hango mu, ya biyo mu yana dariya.

"Wajen Jibo ka koma? Kafin ya sama maka gida ka yi jika."

Baba Jibo ya wuce gaba, muka shiga gidan. A tsakar gidan ya karɓi tulun, ya tuttule shi gaba ɗaya, ya tsuguna.

"Mutane na neman na sha, kai kana shayar da ƙasa," in ji Ɗanmaliki.

Ruwan ya tsaya kamar yana shawara. Sannan ya miƙe, a hankali, ya shige ƙofar babban ɗakin, wanda na sa wa alama a littafina cewa na Inna ne. Baba Jibo ya nuna min gindin bangon da sandarsa. Sabon yaɓe ne, har gwiwa.

"Ai gyara ne," in ji Ɗanmaliki. "Ɗan boko, har da kai a wannan wasan?"

Na sa littafin a aljihu.

Kwana uku muna yawo. Gida huɗu, tulu huɗu, duk a kaina. Na ƙarshe a Rogo Ruma yake, gidan ƙasa, soro biyu, azararsa ta yi baƙi. Bayansa makarantar wani malami ce, ana ta karatu. Na zuba ruwan da kaina. Ya bi gefen murhu, ya fice ta rariyar ƙarƙashin katanga. Baba Jibo ya zagaya waje ya ga ko ƙofar wani yake bi. Ba ta kowa. Wani busasshen kududdufi ya nufa.

"Ka ji aibinsa," ya ce. "Ƙyauren zaure ya karye. Katangar yamma tana son yaɓe. Akuyar maƙwabci ta ɗauka gidan ubanta ne. Ruwa dai ba zai kwana ba."

"Na ji, Baba."

"Ka ji, ko ka saya?"

"Na saya."

Aka kira mai unguwa da shaidu. Mai gidan ya ce ya sallama, aka shafa fatiha. Na shafa tare da su. Ban ji daɗi ba, ban ji ɓacin rai ba. Wuyana dai yana ciwo.

Na iso Karaye da la'asar. Inna tana inda na bar ta.

"Ta kudu yake fita," na ce. "Ta ƙarƙashin katanga, ya faɗa kududdufi."

"Faɗa maka aka yi?"

"Ni na zuba."

 Ta dafa bango ta miƙe.

"To sauko min da tasoshin nan. Ka fara da na sama, kada ka fasa."