Ƙyauren Ɗakin Ya'ƙub

Tun da aka binne mahaifiyarsa, Ya'ƙub bai ƙara fitowa daga ɗakinsa ba, sai in ya ji babu kowa a gidan. Mahaifinsa Benjamin direba ne a ofishin jakadancin Najeriya, su biyu kaɗai suka rage a gidan hayarsu na unguwar Madinat Nasr a birnin Alƙahira. Kullum kafin ya fita aiki zai ajiye shayi da burodi a bakin ɗakin, ya ƙwanƙwasa ya ce, "Babana, an tashi lafiya?" Daga ciki sai a ce, "Lafiya lau, Baba." Maganar ranar ke nan. Benjamin kuwa so yake ya ga fuskar ɗansa, ko da sau ɗaya.

Wata Juma'a ya je sujadar da Kiristoci 'yan Najeriya suke yi a falon Mama Naomi, dattijuwar da ta yi makarantar tauhidi kafin ta biyo 'yarta Alƙahira. Ranar ta koya musu wata kalmar Ibrananci, wai ita fetah.

Ta ce, "Fetah ba ƙyaure ba ne, ba sakata ba ce. Buɗaɗɗen wurin ne, bakin tanti. Wanda ke cikin tanti yana cikin duhu, amma da an buɗe, haske da kansa yake shiga, ba a tura shi. A irin wurin nan Ibrahim ya zauna da tsakar rana har baƙin Ubangiji suka zo. Allah ne mai buɗewa, namu zama a bakin."

Benjamin bai ji ƙarshen maganar sosai ba, zuciyarsa ta riga ta tafi gida. Ya tuna ƙyauren Ya'ƙub waje yake buɗewa, ƙarafunan da ke riƙe da shi ta waje suke.

A matakala ya haɗu da maƙwabcinsa Abdussalam, ɗalibi daga Gusau, ya dawo daga masallaci. Ya roƙe shi aron sukundireba, ya gaya masa abin da ya ji.

Abdussalam ya ce, "Ikon Allah, ai mu ma Fattahu muke kiransa, Mai Buɗi. Amma Baba Benjamin, Mama ta ce da sukundireba ake yi?"

"Malam, kai dai ba ni. Ko kuɗin haya za ka karɓa?"

"Khalas, shi ke nan, ga ta. Sai dai ni ina ganin a bi shi a hankali."

"Hankalin ne ya ƙare mini, Malam."

Ƙusoshin ƙarafunan ƙyauren sun yi tsatsa, katakon ya tsufa. Benjamin ya yi ta fama har gefen katakon ya tsage, sakatar ciki ta zame. Ya ɗaga ƙyauren ya jingine a bango.

Ya'ƙub na zaune a ƙasa, ya rame, gashi ya cika masa kai. Zannuwan mahaifiyarsa ne shimfiɗe a kan gadon, ɗaya a kafaɗarsa. Hasken falo ya shiga har ƙafafunsa. Ya janye su, ya yi sauri ya cusa zanen a bayansa kamar wanda aka kama da sata.

"Babana," in ji Benjamin, "ni ne fa."

Yaron ya dube shi, ba da fushi ba. Ya juya ya fuskanci bango.

Benjamin ya zauna a bakin ɗakin har rana ta yi sanyi. Ya yi zancen mota, ya yi zancen gida, ya yi addu'a da ƙarfi. Ko tari bai samu ba. Washegari ya kawo shayi, ya rasa abin da zai ƙwanƙwasa, sai ya yi gaisuwar haka nan. Ba a amsa ba.

Ya ɗauko ƙyauren zai mayar. Ƙusoshin suka ƙi kama tsagaggen katako, da ya saki sai ƙyauren ya karkato. Kafinta kuma sai an nemo. Ya kira ofis ya ce ba shi da lafiya, ya zauna a ƙasa, ya tokare ƙyauren da bayansa don ya rufu sosai.

"Na rufe maka, Babana. Ka ji? Na rufe."

Ya kasa kunne. Ba ya jin komai sai hon ɗin motoci daga titi.