Gadon da Baba Ya Ƙi

Ranar da sojoji suka rufe makarantar da Baba yake koyarwa, ranar muka bar ƙasarmu. Ina da shekara goma sha uku. Inna ta riga ta rasu, ta huta da ganin sauran.

A ƙasar da ta karɓe mu, muka kama ɗaki a bayan wani shagon wanki da guga. Baba, malamin tarihi, ya koma ninke rigunan mutane. Mai shagon ya laƙaba masa Malam Gobe, don kullum cewa yake gobe ko jibi za mu koma.

Gado kuwa ya ƙi saya. Wai ba zai ajiye abin da ba zai iya ɗauka a ka ba ranar tafiya. Tabarma ya shimfiɗa a kan siminti, akwatinsa a ɗaure kusa da kai. Sanyin ƙasa ya ci bayansa, har sai ya dafa bango yake miƙewa.

Ni kuma na shiga koyon aikin kafinta. Harshen mutanen ya zauna a bakina, har mafarki nake yi da shi. In na yi wa Baba magana da namu, sai ya tsaya gyara mini kamar mai duba jarrabawa.

Ina shekara goma sha bakwai na haɗa masa gado da ragowar katakon da maigidana ya bar mini. Baba ya shafa shi, ya duba kusurwoyi, ya yaba hannuna. Sannan ya ce, "To, ɗan gari, ka nemo mana kabari ma, ko tukuna?"

Na juya na fita. Washegari na tarar ya jera littattafansa a kan gadon, ya koma tabarmarsa. Ba mu sake tayar da zancen ba. A kan tabarmar ya mutu. Waɗanda suka kore mu sun fi shi tsawon rai, irinsu ba sa gaggawa.

Da na yi aure, ni da matata muka yi ta kwana a gadon har ita ma ta rasu. In ya yi ƙara, takan ce ta auri kafinta mai rowar ƙusa.

Gaskiyarta. Baba, babu ƙusa ko ɗaya a jikin gadon nan. Zare katakon ake yi ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure da igiya, mutum ɗaya ya ɗauka a ka. Na yi shi ne don mu tafi da shi gida.