Fasfon Memuna

Radiyya ba 'yar kasuwa ba ce, aure ne ya kai ta Guangzhou. Mijinta Ghali yana haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya daga manyan shagunan tufafi na titin Guangyuan Xilu, ya ɗaure, ya kai filin jirgin sama na Baiyun a ɗora. Ita kuwa nata a ofishinsa shi ne amsa waya da ba masu kaya haƙuri idan jirgi ya yi jinkiri. Ta iya gaisuwar "nihaw" da godiyar "sheshe", ta saba da jin "meyo" daga bakin mai shago idan abin da take nema babu. Abin da ta kasa sabawa da shi shi ne gari cike da mutane, amma kowa kansa a ƙasa, ba mai tsayawa ya dube ka.

A Kano ba haka ta tashi ba. Yayanta Munkaila yana da ƙungiyar wasan wayar da kai, kuma tun tana sakandare take bin su. Sukan sauka a tashar mota ko filin firamare, a shimfiɗa tabarmi, a buga ganga har jama'a su taru, sannan a yi ɗan gajeren wasa: mutumin da aka tsare aka hana shi ganin danginsa, ko ma'aikaciyar da aka kora don ta kwanta rashin lafiya. Idan wasa ya kai inda ran kowa ya ɓaci, sai Munkaila ya ɗaga hannu ya ce, "A tsaya! Jama'a, wa ke da gaskiya?" Nan take fili ya kaure da gardama. Radiyya ce ke fitowa a muguwa, saboda ta iya harara. Tsofaffin mata kan zage ta da gaske, in an tashi kuma su zo su cika mata hannu da gyaɗa.

A watan Disamba, ranar da ake tunawa da haƙƙin ɗan'adam, Munkaila ya turo mata bidiyon wasan bana. Wata yarinya da ba ta sani ba ce ta ɗauki gurbinta, kuma ba laifi, ta iya. Radiyya ta zauna tsakanin kwalaye tana kallo tana maimaitawa. Ba wasan take kallo ba. Bayan 'yan wasan take dubawa: mai rake da baro, bangon makarantar da fentinsa ya koɗe, wata mata da ta riƙe ciki don dariya. Tana ta jan hanci, har Ghali ya leƙo ya tambaye ta ko lafiya, ta ce masa mura ce.

Duk ranar da kewar gida ta taso mata haka, ɗakin girkin Hajiya Wasilatu take zuwa. Hajiya 'yar zangon Kumasi ce a Gana, ta daɗe a garin, tana sayar da tuwo da shinkafa da wake a wani ɗaki can saman dogon gini. Mai tuƙa tuwon ita ce Memuna, siririyar mace mai yawan murmushi da ƙarancin magana. Ranar, da Radiyya ta gama ci, ta bi ta da kwano har wurin wanke-wanke.

"Memuna, ran Juma'a ki zo mu tafi masallaci tare, daga nan mu zaga unguwar Liwan ki ga gari. Kullum kina gaban wuta."

Memuna ta waiga ta dubi ƙofa, sannan ta amsa da Hausarta ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji. "Anti, ba ni fita. Fasfo na yana wurin Hajiya. Ya ce shi zai ajiye mani. In polis ya tsayar da ni a hanya, mi zan nuna?"

"Kin taɓa cewa ta ba ki?"

"Na ce. Na ce ina so in je in ga yara. Ya ce sai bayan Sallah. Sallah ya wuce, wani Sallah ya zo ya wuce." Ta goge hannu a zane ta ciro waya ta nuna mata hoton 'yan biyunta cikin kayan makaranta, rigunan sun yi musu yawa. "Da na taho ba su iya magana ba. Yanzu in na kira, gaishe ni suke kamar baƙo."

Radiyya ba ta haihu ba tukuna, amma maganar ta bi ta har gida. Da ta faɗa wa Ghali tana son yin wasa a kan wannan, sai ya ajiye cokali.

"Radiyya, nan ba Kano ba ce. Ba a buga ganga a titi a tara mutane. Mu baƙi ne, kuma Hajiya tana da mutane."

"Ban ce titi ba. Ai kuna taruwa duk wata."

Gaskiya ne. 'Yan Najeriya da Nijar da Gana kan haɗu a saman wani gidan abinci na Musulmi, a ci, a yi sanarwar suna da ta'aziyya, a sasanta masu rigima. Alhaji Abdul-Gafaru, dattijon 'yan Gana, shi ke jan zaman. Radiyya ta same shi a shagonsa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani. Ya daɗe yana shafa gemu.

"'Yata, Wasilatu tamu ce. Ba zan bari a kunyata ta a gaban maza ba."

"Baba, ba za a ambaci kowa ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce, kai ma ka sani."

Bai musa ba. Ya ba ta lokaci tsakanin cin abinci da la'asar.

Da ta rasa ɗan wasa, Ghali ta lallaɓa. Shi ya fito a sabon zuwa, ita kuma ta ɗora hula a kan mayafi ta zama "lawban", wato maigida kamar yadda ake faɗa a can. Ghali ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi, yana roƙon fasfonsa don mahaifiyarsa ba lafiya. Ita ta zuba masa harara ta ce, "Meyo!" Ɗakin ya fashe da dariya. Ya sake roƙo, ta sake cewa meyo, dariyar ta ragu. A karo na gaba muryar Ghali ta yi rawa da gaske, domin shi ma rabonsa da tsohuwarsa an jima. Ba wanda ya yi dariya.

Radiyya ta ɗaga hannu. "A tsaya! Jama'a, wa ke da gaskiya?"

Muryar da ta fito irin ta yayanta ce sak. Nan take kowa ya fara magana lokaci guda. Daga ɓangaren mata Hajiya Wasilatu ta miƙe.

"Wanda ya ɗauko mutum daga gida, shi za a tambaya in ya ɓace. Kun san yara nawa suka zo suka bi iska? Ajiya ce, ba ƙwace ba."

Wasu suka gyaɗa kai. Wani ɗan Nijar ya ce shi kansa an taɓa yi masa irin wannan ajiyar, kuma bai ga rana ba sai da ya rame. Alhaji Abdul-Gafaru ya bari aka gaji, sannan ya ce a hankali, "Hajiya, in mai abu ya ce a ba shi aka hana, ni dai ban san sunanta ajiya ba."

Radiyya ta yi amfani da sauran lokacin ta faɗi abin da ta zo faɗa: fasfo na mai shi ne, ya kamata ya kasance a hannunsa, wanda aka tsare ya nemi tafinta, ya nemi a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, kada kowa ya sa hannu a abin da bai fahimta ba. Tana magana tana duba fuskoki. Sai a lokacin ta tuna wadda aka yi wasan dominta ba za ta iya zuwa ba. Memuna tana can gaban wuta.

Hajiya ta fita ba sallama. Daga ranar ta daina amsa gaisuwar Radiyya, ita kuma ba ta ƙara hawa ginin ba. Ta rasa tuwo, ta rasa labarin Memuna, ta fara tunanin ko ƙara mata wahala kawai ta yi.

Bayan wasu makonni, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofar ofis. Memuna ce, ita kaɗai, tana haki, ta taho a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa. Ta zaro fasfo daga cikin hijabi ta ɗora a kan kwali.

"Anti, masu cin abinci ne. Duk wanda ya shigo sai ya ce, 'Hajiya, da tuwo ko meyo? Da fasfo ko meyo?' Suna dariya. Yau Hajiya ya jefo mani a faranti, ya ce in tattara kaya na." Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Na ɓata hanya sau da yawa kafin in zo. Ashe garin nan babba ne."

Alhaji Abdul-Gafaru ne ya tsaya mata a kan takardu da tikiti, kuma abin bai zo da sauƙi ba, an sha zirga-zirga. Ranar tafiya Radiyya ta raka ta Baiyun da jakunkunan makaranta guda biyu na 'yan biyu. Memuna ta rungume ta ta ce, "Anti, kai ma Allah ya kai ka gida." Radiyya ta ce amin, ta tsaya har ta daina hango hijabin.

A jirgin ƙasa na komawa ta samu wuri kusa da ƙofa. Wani mutum mai rawani irin na Agadas ya yi ta kallonta, daga baya ya matso ya yi sallama.

"Madam, ba ke ce ta wasan nan ba? Ƙanena aka tsare, ba mu san inda yake ba. Ban san ta inda zan fara ba."

Radiyya ta gyara zama ta matsa masa. "Zauna, Malam. Yaya sunansa, kuma yaushe rabonka da shi?"