Bel Ɗin Kujerar Baya

Babana, Ndanusa, shekara talatin ya yi yana gyaran jiragen horar da matuƙa a sojan sama, kuma bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. Amma duk wanda ya shigo gidanmu a Tunga sai ya sha tarihinsu tun daga tushe: yadda wani kamfani na ƙasar Cek ya yi ta haɗa jiragen yaƙin Rasha, ya ƙera nasa L-29, sannan L-39, wanda Baba ke kira "autana". Ni da nake autar gaske ban taɓa samun irin wannan yabon ba.

Da likita ya ce yanar idonsa ta yi yawa, dole ya bar tuƙi, sai Baba ya jefa makullin tsohuwar Fijo ɗinsa a aljihu ya hana kowa. Ni kuwa na gaji da bin bas zuwa Paiko, inda nake koyarwa a firamare. Shekarata biyu da lasisi, amma a wurinsa takarda ce kawai.

"Khairat, wa ya gwada ki?"

"Hukuma, Baba."

"Ni ban gwada ki ba."

Haka muka fara. Kullum da safe sai na zagaya motar daga hagu zuwa dama, in taɓa kowace taya, in duba mai da ruwa. Sannan ya miƙo makulli, ya buɗe ƙofar baya ya hakimce. Na ce ya dawo gaba mana, kar mutane su ɗauka direbarsa ce ni. Ya ce a jirgin horo ɗalibi ne a gaba, malami a baya. Na tuna masa a can malamin yana da nasa abin tuƙin, a nan kuwa ba shi da komai sai baki. Bakin ma ya isa.

"Birki! Ga Keke Napep nan!"

Sau da yawa keken ya wuce tuntuni, wani lokacin babu shi sam. Raina ya sha ɓaci, amma tausayinsa ya fi yawa, sai in taka birkin.

Sati uku muna haka. Wata Litinin na gama zagayena, ya buɗe ƙofar baya amma bai shiga ba. Ya sunkuya ya jawo bel, ya yi ta lalube har ya ɗaure shi a kujerar da ba kowa.

"Baba, wa ka ɗaure?"

"Ranar da ɗalibi zai tashi shi kaɗai, mu makanikai ke ɗaure bel ɗin baya, kar ya yi ta lilo ya kamo wani abu. Na yi wa yara da yawa." Ya rufe ƙofar a hankali. "Makullin ki riƙe. Kar ki dawo min da shi."

Na ce, "To, Baba." Na hau titi na nufi hanyar Paiko. A madubi na hango shi bakin get, ya ƙame, ƙirji a gaba, ya sara kamar yadda suke yi wa jirgi mai tashi. Sai dai ba ni yake sara wa ba. Wata farar mota ce da ta bi ɗaya hannun, yana ta bin ta da kai.

Hawaye suka cika min ido. Na danna hon sau biyu. Ya juyo da sauri wajen ƙarar, bai sauke hannun ba.