Jinkar Ɗakin Yahya

"Yalla, Sista, sauko mana! Ko so kike direba ya mayar da mu?"

Mastura ce ke jan hannun Turai daga cikin motar haya a bakin unguwar Nuzla ta Jidda, rana tsaka, iskar teku mai ɗanko na manne musu tufafi a jiki. Mastura haifaffiyar Jidda ce, ita ke share asibitin alhazai inda aka turo Turai aikin jinya daga Zariya. Mako shida ke nan duk ranar hutu sai ta rako ta neman mutum guda. Yau ce ta ƙarshe, gobe da hantsi jirgi zai kwashe ma'aikatan ya koma gida.

Wanda ake nema Yahya ne, wan mahaifin Turai. Shekara talatin da biyu da suka wuce ya ɗauki sandarsa ya nufi Makka a ƙafa, bayan sun yi baram-baram da ƙanensa Saleh saboda Saleh ya zama Kirista. Tun daga ranar ko wasiƙa babu. Dangi suka haƙura, wasu har gaisuwar mutuwa suka kawo, Saleh ya ce su koma da abarsu. Kowace shekara in an gama girbi sai ya yanko shuci, ya kafa tsani, ya sabunta jinkar ɗakin wansa. Can a tsini yakan kitse ciyawar gida uku kamar kan yarinya, ya lanƙwasa jelar ta kalli gabas, yadda ubansu ya koya musu. Turai ce mai miƙa masa igiya tun tana 'yar mitsitsiya.

Sun bi lungu-lungu tsakanin gidajen kwano da katako. Sun tambayi mai tsire, sun tambayi masu ɗaukar kaya na tashar jirgin ruwa da suke hutawa a inuwa. Yahya kam ga su nan birjik! Akwai na Sakkwato, akwai na Damagaram, akwai wani Yahya Basudane da ya nace sai sun sha shayi. Na Zazzau ne dai babu.

"Halas, ya isa haka, Sista," Mastura ta ce, ta zauna daɓas a kan wata tsohuwar garwa. "Wallahi ƙafata ta mutu. Mai yiwuwa yana Makka, ke kuma ba ki shiga can. Mai yiwuwa ƙasa ta rufe shi tun a Sudan. Ni dai ban taɓa ganin taurin kai irin naku ba. Duk Kirista haka kuke, ko gidanku ne kawai?"

Turai ta yi dariya, ko da yake zuciyarta ta yi nauyi ƙwarai. Tana tunanin yadda za ta dubi idon mahaifinta ta ce masa ba ta samo komai ba.

"Na taɓa tambayar Baba haka," ta ce. "Ya ce mini, 'Turai, Ubangijin da muke bi an rufe shi a kabari, kowa ya watse, rana ta uku ya fito. To hanyar Makka ce za ta gagare shi?' Ya ce bege ba zama ba ne ka zuba tagumi. Mai bege shara yake yi, ya gyara ɗaki, don kada baƙo ya iso ya tarar da yoyo."

"In kuma baƙon bai zo ba fa?"

"Ya ce ko bai zo ba, Allah bai yi masa ƙarya ba. Amma shi dai ba zai zama wanda ya fara rufe ƙofa ba."

Mastura ta girgiza kai. "Ya salam! Wannan tsoho, da ni ce matarsa da na ɓoye tsanin. Tashi mu bi ta bayan nan, ya fi kusa da titi."

A wannan lungun ne Turai ta tsaya cik. Bayan wani shingen kwano akwai 'yar bukka da aka rufe da ganyen dabino. Bukkoki ba baƙin abu ba ne a Nuzla, amma ita wannan tsininta a kitse yake gida uku, jelar a lanƙwashe.

"Mastura! Dubi can sama!"

"Me zan duba? Ganye?"

Ina! Turai ta riga ta kai ƙofa, sallama ma da kyar ta fito. Wani dattijo ne zaune a inuwa yana tufka igiya a cinyarsa, ga dogon wuya, ga kunnuwan nan masu faɗi irin na gidansu. Ta durƙusa.

"Baba, wa ya ɗaure tsinin ɗakin nan?"

"Ni mana. Kina so a yi miki ne? Ai na daina hawa sai nawa."

"Ni 'yar Saleh ce. Saleh na Zariya, ƙanen Yahya."

Igiyar ta zame daga hannunsa. Ya dube ta.

"Saleh yana da rai?"

"Yana nan garau, Baba."

Sai dattijo ya fashe da kuka, yana ta "Alhamdu lillahi". Matarsa ta fito da ludayi a hannu tana tambaya da Larabci wa ya mutu, Mastura ta ce mata babu wanda ya mutu, wani ma aka samu. Nan da nan guɗa ta tashi, maƙwabta suka cika gidan, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo shayi da dabino. Ashe a unguwar babu mai kiransa Yahya, Abu Usuman suka sani, da sunan ɗansa na fari.

Da hayaniya ta lafa ya sunkuyar da kai. "'Yata, ranar da zan tafi na gaya wa ubanki magana mai muni. Na ce ba ni ba shi har abada. Kafin in kai Barno na yi nadama, amma kunya ta hana ni waiwaye. Na san ɗakina ma ya daɗe da zama juji."

"Ɗakinka yana nan, Baba. Sau talatin da biyu yana sake masa jinka. Abin da na gani a saman nan, a can na koye shi."

Yahya ya ɗaga kai ya dubi tsinin bukkarsa, ya dubi Turai. Hawaye na bin gemunsa, sai kuma dariya ta ƙwace masa.

"Saleh? Saleh ne ke hawa jinka? Yaron da ko kitson bai iya ja ya ɗame ba! Wallahi na san yana yoyo."

"Ba ya yoyo, Baba!"

"Yana yi. Ke dai 'yarsa ce." Ya share fuska da hannun riga, ya ɗauko igiyar da ya tufka, ya naɗe ta tsaf ya danƙa mata. "Yaushe ake girbi bana?"

"Saura wata takwas."

"Ya isa in gyara takarduna. Ki kai masa wannan. Ki ce ya yanko shuci ya kafa tsani, amma kada ya kuskura ya hau. Na bana ni zan ɗaure."